Jitata tana huci idan na taka kwamfiresa, a rikodin kuma ta yi lakwas: ina matsalar take?

Wani matashi daga Tudun Wada a nan Jos ya aiko mini da tambaya. Ya ce shekararsa huɗu yana kaɗa jita, ranar Lahadi a coci, ranar Asabar a wuraren biki. Kwanan baya ya sayi fedal ɗin kwamfiresa na gwanjo mai maɓalli huɗu, wato 'yar na'urar da mai jita ke takawa da ƙafa, don ya ji an ce shi ne ke sa jita ta fito sumul irin ta faifai. To amma da zarar ya taka shi ya tsaya da kiɗa, sai amf, wato akwatin da ke ƙara wa jita sauti, ya shiga huci da gurnani. A gida kuma, in ya ɗauki jitar a FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, ya ɗora mata kwamfiresa, sai ta yi lakwas kamar an jiƙa ta. Yana son ya san ko fedal ɗin ne ya lalace, ko shi ne bai iya ba.

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Ban ga fedal ɗin ba, amma daga yadda ka kwatanta, kusan zan iya rantsewa lafiyarsa ƙalau. Hucin da laushin duk tushensu ɗaya, wato ka ɗauka kwamfiresa ƙara wa jita wani abu yake yi, alhali aikinsa na asali ragewa ne. Ka ƙaddara akwai wani yaro zaune kusa da amf ɗinka, hannunsa a kan maɓallin ƙara. Duk lokacin da ka doki tsirkiya da ƙarfi sai ya murɗa ƙasa, in sautin ya lafa sai ya mayar. Shi ke nan kwamfiresa. Bambancinsa da yaron kawai shi ne yana yin wannan murɗin cikin ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, ba ya gajiya, kuma ba shi da hankalin da zai gane wannan kiɗa ne wancan gurnanin waya ne.

Ka tsaya wajen masu awo a kasuwar Terminus ka kalli mai auna shinkafa. Ya cika mudu har ya yi tsororo, sai ya sa hannu ya share saman. Bakin mudun nan shi ne abin da ake kira tireshol. Duk abin da ke ƙasa da shi ba a taɓa shi, sai wanda ya haura. Yawan abin da hannun zai share daga tsororon kuwa shi ne reshiyo. In ka sa 4:1, sautinka ya haura tireshol da desibel 8 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), desibel 2 kaɗai zai fito, an share 6. In 2:1 ne, 4 zai fito. In ka kai 10:1 ko sama, ka share mudun kusan daidai da bakinsa, a nan sunan ya koma limita. Yawan abin da aka share shi ne mitar kwamfiresa ke nuna maka, ita ce allurar ko fitilar da ke tafiya baya-baya in kana kaɗawa. A FL Studio da sauran manhajoji wannan mitar ita ce abu na farko da ya kamata idonka ya saba da shi, domin in ba ta motsi, duk murɗin da kake yi wa sauran maɓallan aikin banza ne.

Da aka share saman, sautin ya ragu gaba ɗaya, saboda haka sai a sake ɗaga shi. A manhaja ana kiran wannan gen na cikewa, a fedal kuma maɓallin lebul da na sasten ne ke yinsa. Nan ne hucinka ya samo asali. Ɗagawar nan ba ta zaɓe. In ka share desibel 10 daga sama ka cike da desibel 10, to duk abin da ke ƙasa ya tashi da desibel 10: jelar sautin da kake so, da karcin yatsa a kan tsirkiya, da gurnanin wutar lantarki, da hucin kebul mai arha. Desibel 10 kuwa a kunnen mutum kusan ninki biyu ne na ƙara. Kana cikin kaɗawa ba ka jin su, saboda yaron ya murɗa ƙasa. Kana tsayawa sai ya ga shiru ya yi, ya murɗe maɓallin har ƙarshe, sai dattin ya cika ɗaki. Fedal ɗin bai ƙirƙiro yawancin hucin ba, tona shi ya yi. Dama yana nan a kwance.

Don haka kafin ka sake taɓa wani maɓalli, ka ba neman dattin yamma guda. Wutarmu a Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan gurnanin mai kauri da kake ji, shi ne ita da 'ya'yanta, wato 100 Hz da 150 Hz da sauransu (Hz shi ne yawan kaɗawa a daƙiƙa). Fikof (abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya a jikin jita) mai naɗi ɗaya, irin na Stratocaster da kwaikwayonta da suka cika gari, tamkar eriya yake ga wannan gurnani. Ka rataya jitar, ka taka fedal ɗin, ka juya jikinka a hankali kamar mai neman sabis ɗin waya. Za ka tarar da wata kusurwa da gurnanin ya faɗi warwas. In kana rikodin, nan za ka ajiye kujerarka. Ka gwada kuma matsayi na biyu da na huɗu a makunnin fikof, domin a yawancin jitocin zamani an naɗe na tsakiya a juye don ya kashe gurnanin in an haɗa shi da maƙwabcinsa. Jita mai hambaka, wato fikof mai naɗi biyu da Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson a shekarun 1950, dama don maganin wannan aka yi ta.

Bayan haka ka zare adaftar fedal ɗin ka sa masa batir mai bolt 9. In wani siririn kuka ya ɓace, adaftar ce, kuma sau da yawa ita ce, musamman irin waɗanda ake tsinta a tebur ba suna ba lamba. Ka zare cajar laftof ka yi rikodin a kan batir, ka ji bambanci. Ka kashe fanka, ka kashe ƙwan fitila mai arha, ka nesanta cajar waya. In a janareta kuke, ko inbata marar kyau, ka sa ran ƙarin datti. Ka canja kebul ɗaya bayan ɗaya. Abu guda da ba zan yafe maka ba shi ne karya ƙafar filogi ta uku don gurnani ya tafi, kamar yadda wasu masu sauti ke yi a wurin biki. Ƙafar nan ita ce ke tsakaninka da wuta ranar da amf ya samu matsala, hannunka a kan tsirkiyar ƙarfe, leɓenka a kan makirufo. Akwai na'urar da ke rufe sauti in ka yi shiru, ana ce mata get, tana da amfani, amma ka sa ta a ƙarshe bayan ka share abin da zai sharu. In ka fara da ita, za ta riƙa datse maka jelar da ka sayi kwamfiresa dominta.

Yanzu mu zo ga laushin, wanda a ganina nan ne ilimin yake. Duk sautin da ka fitar daga jita yana da kai da jela. Kan shi ne dukan farko, lokacin da fik (ɗan robar da ake kaɗa jita da shi) ko farce ya saki tsirkiya, ɗan "tak" ɗin nan da bai wuce milisakan 10 zuwa 30 ba (milisakan ɗaya bisa dubu ne na daƙiƙa). Jelar ita ce amon da ke biyo baya yana raguwa. Ka tuna kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, tsirkiya ɗaya a kan ɗan gwangwani da fata. Kusan duk ransa a kai yake, duka ne bayan duka, jelar gajeriya. Goge kuma akasinsa ne, kusan duk jela, domin izgar ba ta barin tsirkiyar. Jita tana tsakanin biyun, kuma da kwamfiresa kake tura ta ko dai wajen kuntigi ko wajen goge. Maɓallin da ke yanke wannan hukunci shi ne atak.

Atak shi ne saurin da hannun yaron ke kai wa maɓalli. In ka sa shi a milisakan 1 ko ƙasa, yana cafke kan sautin tun bai fito ba, sai "tak" ɗin ya mutu, jelar ta tashi, jitar ta koma baya a cikin kiɗan kamar an lulluɓe ta da bargo. Ina kyautata zaton abin da ya same ka a rikodin ke nan. In ka ja atak ɗin zuwa milisakan 15 ko 25, kan ya riga ya wuce kafin hannun ya iso, sai a danne abin da ke bayansa kaɗai. Sakamakon yana ba mutane mamaki: na'urar da aka ce tana daidaita sauti sai ga ta ta sa dukan ya fi fitowa fiye da da, saboda tazarar da ke tsakanin kai da jela ta ƙaru. Waɗannan siraran layukan makosa da hailaif da kuke kaɗawa a saman wuyan jita a coci, masu tsalle kamar fara a tanda, da kai suke rayuwa. Kashe musu kai, ka kashe rawar.

Rilis kuma shi ne saurin da yaron ke mayar da maɓallin. Wannan da kiɗan ake auna shi, kuma lissafin mai sauƙi ne. Ka raba 60,000 da yawan bugun waƙar a minti. Waƙa mai bugu 100 tana da milisakan 600 a kowane bugu, rabinsa 300, rubu'insa 150. In kana kaɗa sauti huɗu a kowane bugu, kana son allurar ta kusa komawa gida kafin milisakan 150 ya cika, don sauti na gaba ya tarar da ƙofa a buɗe. In rilis ya yi tsawo, dukan farko kaɗai ke da kai, sauran duk suna shigowa a danne. In ya yi gajarta ainun kuma wata matsalar ce. Tsirkiya mafi kauri a jita tana kaɗawa wajen sau 82 a daƙiƙa, wato kowane zagaye milisakan 12. In atak da rilis duka sun fi wannan sauri, kwamfiresa ya daina bin ƙarfin sautin ya koma bin kaɗawar tsirkiyar kanta, sai ka ji wani ƙazamin karce a ƙasa. A jitar bes abin ya fi muni, don tata mafi kauri wajen 41 Hz take.

Ga yadda nake koya wa yaran da ke zuwa situdiyona su ji abin da kunnensu. Ka ɗauki gajeren yanki na jitarka, ka sa ya yi ta maimaituwa. Ka kai reshiyo 8:1, ka sauke tireshol har mitar ta nuna ana share wajen desibel 10, ka sa rilis gajere. Wannan ya yi yawa, da gangan ne, don komai ya fito fili. Sai ka rufe ido ka murɗa atak daga mafi sauri zuwa a hankali, ka koma, ka sake. Kada ka saurari ƙara, ka saurari bakin kowane sauti. Za ka ji shi siriri a rufe, sannan ya fara buɗewa, sannan ya yi kauri ya fito. Inda ya yi maka daɗi, ka bar shi. Sai rilis: ka ja shi har ka ji jitar tana shaƙa da fitarwa tare da ganga, allurar tana rawa a kan bugu. Bayan nan ka sauke reshiyo zuwa 3:1 ko 4:1, ka ɗaga tireshol har sharar ta koma desibel 3 zuwa 5 a wuraren da ka fi dukan ƙarfi. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan sana'ar kam ji ne ya kori gani. Lambobin da na ba ka bakin hanya ne kawai.

Sai ka kiyayi wata yaudara da ta ci mu duka. Kunnen ɗan Adam yana ɗaukar abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi, ko da bambancin desibel 1 ne, saboda in ƙara ta ƙaru kunne ya fi jin ƙasa da sama. Manhajoji da yawa kuma suna ɗaga maka gen da kansu. Sai ka kunna kwamfiresa ka ce kai, abin ya yi kyau, alhali ƙara ce kawai ta ƙaru. Ka kashe wannan cikewar ta kai-tsaye, ka daidaita da hannunka har ƙarar ta zama ɗaya ko an kunna ko an kashe, sannan ka kwatanta. Sau da yawa a nan nake cire kwamfiresan gaba ɗaya in bar jitar yadda take.

Bari in ba ka nawa abin kunyar. A shekarun farkona na wannan aiki, wani mawaƙi ya kawo mini waƙar aure, jitar katako ce da murya kawai. Mai jitar da babban yatsa yake dukan tsirkiyar ƙasa, sauran yatsun suna tsintar na sama. Na kafa makirufo daidai bakin ramin jitar don a lokacin ina ganin nan ne sauti ke fitowa, na ɗora kwamfiresa, na ga allura tana lilo har desibel 12, na ji daɗi a raina na ce lallai na'ura na aiki. Washegari mawaƙin ya dawo ya ja ni cikin motarsa, ya kunna, ya ce, "Maigida, me ya sa jitar nan take numfashi kamar mai ciwon asma?" Da na kasa kunne, gaskiyarsa. Duk sa'ad da babban yatsa ya sauka, sai siraran tsirkiyoyin su nutse, su taso, su sake nutsewa. Ramin jita iska mai kauri yake fesowa, wajen 100 Hz zuwa 200 Hz, kuma ƙarfin sauti a ƙasa ya fi taruwa. Yatsa ɗaya ne ke jan allurar, sauran huɗun suna biyan bashin. Da muka sake ɗauka, na matsar da makirufon daidai inda wuya ya haɗu da jiki, wajen firet na 12 zuwa 14 (firet su ne ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita), nesa kamar taƙi ɗaya, na yanke duk abin da ke ƙasa da 80 Hz kafin ya isa kwamfiresa, na ɗan rage kaurin ƙasan. Allurar ta koma motsin desibel 3, asmar ta warke. Tun daga ranar, tace ƙasa nake fara yi kafin matsi, wato aikin kwamfiresa. Wasu kwamfiresan suna da tacewa a cikinsu da ke hana su jin ƙasan ba tare da an cire shi daga sautin ba, in naka yana da ita ka yi amfani da ita. Ga jitar katako da ake sharɓa gaba ɗaya, 2:1 ko 3:1 da atak wajen milisakan 25 ya ishe ka.

Fedal ɗinka mai maɓalli huɗu, in tsarinsa irin na Boss CS-3 ne da ya fito a 1986 kuma aka yi ta kwaikwayonsa, yana da lebul, ton, atak da sasten. Sasten ɗin shi ne yawan matsi da yawan ɗaga ƙasa a haɗe, kuma na ci amanar kaina in ba a ƙarshe ka murɗe shi ba. Ka dawo da shi wajen ƙarfe tara ko goma, in ka ɗauki maɓallin a matsayin fuskar agogo. Atak ɗin ka kai shi ƙarfe ɗaya ko biyu, domin a irin wannan fedal murɗawa dama tana barin kan sautin ya fito. Lebul kuma ka daidaita shi har ƙarar ta zo ɗaya da lokacin da fedal ɗin yake kashe. In za ka yi solo mai jan sauti a waƙar sujada mai sanyi, nan za ka ƙara sasten, ka yarda da ɗan huci a matsayin kuɗin shiga. Wajen jeri kuwa, kwamfiresa kusa da jita yake zama, bayan tuna mai saita tsirkiya, kafin fedal ɗin dirti mai sa sauti ya yi kaushi, sannan koros mai ninka sauti da dile mai maimaita shi da ribab mai amsa-kuwwa a ƙarshe. In ka sa shi bayan ribab, zai riƙa ɗago jelar amsa-kuwwar duk lokacin da ka yi shiru, kiɗan ya dagule.

Jita mai dirti ba ta cika bukatar kwamfiresa ba. Dirti ɗin kansa yanke saman sauti ne, matsi ne mai tsanani. Ka kalli hotonsa a manhaja za ka ga shi kamar bulo, babu tsororon da za a share. Ɗora masa kwamfiresa huci kawai zai ƙara. A dandali kuma ka yi hattara, musamman a cocin da ke da rufin kwano da bangon siminti, inda sauti ke ta dawowa. Matsi mai yawa yana ɗaga ƙananan sautuka, ciki har da wanda ke dawowa daga lasifika zuwa jitar, sai kukan nan mai huda kunne ya tashi ana tsaka da waƙa, kowa ya juyo yana kallonka. Jitar katako mai fikof ta fi saurin kamuwa. Matsin da ya yi daidai a ɗakinka, ka rage shi da rabi a dandali.

Za ka ga manhajoji da sunaye da hotunan tsofaffin na'urori, yana da kyau ka san halinsu. Teletronix LA-2A na shekarun 1960 da haske yake aiki, sautin yana kunna wani ɗan allo mai haske, wani abu mai jin haske yana rage ƙarar. Atak ɗinsa wajen milisakan 10 ne, sakinsa kashi biyu, rabi da sauri sauran a hankali, shi ya sa yake da taushi, kuma manyan maɓallansa biyu ne kacal. Yana dacewa da jitar katako da ake tsinta da yatsu. Shi kuwa 1176, wanda Bill Putnam ya fitar a 1967, ɗan gaggawa ne. Atak ɗinsa daga mikrosakan 20 zuwa 800 yake, wato ko mafi jinkirinsa bai kai milisakan 1 ba, reshiyonsa huɗu ne, 4, 8, 12 da 20. Tarkonsa shi ne maɓallan atak da rilis a juye suke, murɗawa dama sauri take ƙarawa. Na ga yara da yawa sun murɗe shi dama suna zaton sun ba kan sauti hanya, ashe sun shaƙe shi. A ɓangaren fedal, MXR Dyna Comp na shekarun 1970, ɗan ja mai maɓalli biyu, shi ne ya ba da wannan matsattsen sautin mai ɗan "fok" da ake ji a kiɗan kantiri da fank na Amurka. Wannan launi ne da ake nema da gangan, dabam yake da daidaitawar da ba a so a ji ta. Ba ka bukatar sayen komai tukuna. Fruity Limiter da ke cikin FL Studio ɗinka yana da ɓangaren kwamfiresa, kuma yana zana maka yadda yake danne sautin, wanda ga mai koyo ya fi kowane hoton tsohuwar na'ura amfani.

Wajen ɗauka, shawarata ita ce ka ɗauki jitar ba matsi, ko da ɗan kaɗan, sai dai in matsin fedal ɗin wani ɓangare ne na yadda kake kaɗawa, domin yana canja yadda tsirkiya ke amsa maka a yatsa. Abin da aka matse aka ɗauka ba ya warwaruwa. Ka ɗauka a bit 24, ka bar mafi ƙarfin dukanka ya tsaya wajen desibel 10 ƙasa da sifili, babu wani lada a kusantar jan da ke saman mitar. In kana son jiki da cika amma kana tsoron rasa kai, ka yi kwafin layin jitar, ka matse kwafin sosai da atak mai sauri, sannan ka shigo da shi a hankali ƙarƙashin na asalin har ka ji ƙasan ya cika. Na asalin yana riƙe da kai, kwafin yana riƙe da jela. Wasu fedal na zamani suna da maɓallin gauraya da ke yin wannan aikin. In kuma wuri ɗaya ko biyu ne kawai ka doka da ƙarfi fiye da kima, ka je wurin ka rage shi da hannu a manhaja, kada ka hukunta waƙa guda saboda sauti biyu.

Akwai kuma abin da ba na'urar da za ta yi maka. Ka ɗauki kanka kana kaɗa layi ɗaya na minti guda ba fedal ba komai, ka kalli hoton. In wani sautin tsauni ne wani rami, hannun dama ne ke bukatar aiki, sau da yawa dukan sama ya fi na ƙasa rauni. Minti goma a rana da metronom, na'urar da ke ƙirga maka bugu, kana neman su zo daidai, zai rage maka matsin da kake bukata fiye da duk wani fedal. Ka kuma duba jitar kanta, musamman in hunturu ya shigo. Iskar Jos ta busar da katako, wuya ya ɗan motsa, tsirkiya ta fara taɓa firet tana zizara, busassun yatsu suna ƙara ƙugi in suna zamewa. Kunne ba ya damuwa da su sosai a fili, amma kwamfiresa sai ya ɗauko su ya ajiye a gaban faifai. Ka kai ta a daidaita mata wuya, ka sa sababbin tsirkiyoyi kwana biyu kafin rikodin don su zauna, ka riƙa ajiye ta cikin jakarta.

Ka ce za ka turo mini abin da ka ɗauka in ji. Ka turo, amma ka lura da wani abu da ke rikita mutane: matsin da ake yi wa fayil don ya ƙanƙance, irin na MP3, shi ma da sunan matsi ake kiransa, alhali ba ruwansa da wanda muka yi ta magana a kai. Shi bayanai yake zubarwa. Fayil ɗin WAV mai ingancin faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a daƙiƙa, MP3 na gama-gari 128, saƙon murya na WhatsApp kuwa ya fi haka ƙanƙanta nesa, kuma kan sautin nan da nake son in saurara yana cikin abin da ke fara dagulewa. Kada ka kunna lasifika ka ɗauka da waya. Ka fitar da WAV guda biyu na daƙiƙa 30, ɗaya ba kwamfiresa ɗaya da shi, ka bar daƙiƙa biyar na shiru a farkon kowanne jitar tana rataye a jikinka don in ji irin gurnanin, sannan ka turo su a matsayin fayil ɗin takarda. Ka haɗo da hoton fedal ɗin yadda maɓallansa suke a yanzu, da hoton adaftar ta baya inda aka yi rubutu.